Kafireta ko injakta: hukuncin da na yanke wa tsohon Yamaha ɗina a Denba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma muna gareji, a nan Denba ta jihar Kolorado a Amurka. Kuna ganin tururin bakina, sanyi ya fara kankama. Bari in juya kyamara ku ga inda aka kwana.

Ga shi nan. Yamaha XS650 ne, ƙirar 1979, silinda biyu. Wata bakwai ke nan da na ɗauko shi daga bayan gidan wani dattijo, tayoyi a sace, tanki duk tsatsa. Na yanke bayan ƙarfen jikinsa aka yi masa walda, na ɗora siririn tanki da kujerar mutum ɗaya. Injin ma na kwance shi, na sauya ringi, na wasa bawul. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya hana ni barci sati uku: ta wace hanya fetur zai shiga injin nan?

Ku dubi teburin. Waɗannan biyun masu baƙin datti su ne kafiretocin da babur ɗin ya zo da su daga kamfani, Mikuni BS38. Wannan takardar kuma jerin kayan da zan saya ne idan na ce injakta zan sa.

Ni dai a gaban kafireta na tashi. Kawuna bakaniken babura ne a Kano, tun zamanin da Jincheng ya cika gari, kafin a hana acaɓa a 2013. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya fara miƙo mini kofin kafireta in wanke da fetur a cikin gwangwani. Zai ɗaga jet, wato ɗan ƙarfen nan mai 'yar kafa da fetur ke bi, ya leƙa ta hasken rana, ya hura da baki, ya mayar. Sai ya ciro filogi ya duba kansa: in ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, iska ta yi yawa, inji zai ɗau zafi, in ya yi ruwan ƙasa, shi ke nan, a ba mai babur abinsa. Bai taɓa zana mini komai a takarda ba, amma abin da ke faruwa ciki mai sauƙi ne. Fiston na jan iska, iskar ta bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, sai ta tsotso fetur daga kofin ta 'yar kafar jet ɗin. Ba ruwanta da batir, ba ruwanta da waya.

Injakta kuwa famfo ne ke tura mai da ƙarfi, wajen bar 3, 'yar kwamfuta ta lissafa yawan da za a fesa. Ita ce bakanikenmu ke ce wa ƙwaƙwalwa. Tana sauraron sensoci: na zafin inji, na matsin iska, na buɗewar totur, da wanda ke shinshinar hayaƙi a salansa. Ma'aunin da fetur ke ƙonewa tsaf shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi, kuma kwamfutar ba ta gajiya da gyara lissafin. Kawasaki ta fitar da babur mai injakta tun 1980. Harley-Davidson ta sallami kafireta gaba ɗaya a 2007. Ita kanta Yamaha, da dokokin hayaƙi suka matsa, ta sa wa SR400 injakta a 2010. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Triumph: da suka mayar da Bonneville injakta, sai suka ƙera ta da siffar kafireta, don sun san idon mai son tsohon babur abin da yake nema ke nan.

To, me ya sa na tsaya dogon tunani? Tsauni ne. Denba tana bisa tudu mai tsayin mita 1,609 daga matakin teku. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos ma da muke ce wa tudu wajen 1,200 ce. Kuma daga ƙofar garejin nan, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci za ta kai ka mashigin dutsen Loveland, mita 3,655. A can sama, kusan kashi ɗaya cikin uku na matsin iskar bakin teku ya tafi. Ramin jet kuwa girmansa ɗaya ne, bai san ka hau dutse ba. Iska ta yi ƙaranci, mai ya rinjaya, babur ya fara tari, filogi ya yi baƙi. Wanda ya saita jet ɗinsa don saman dutse kuma, ya gangaro ƙasa, sai mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari, don yana iya huda fiston. Injakta ba ta da wannan damuwa, sensar matsin iska ta gaya mata komai. Amma ku riƙe wannan, don mutane da yawa suna ruɗewa: injakta ba ta dawo maka da ƙarfin da tsauni ya cinye. Ma'auni kawai take gyarawa. Iskar da babu, babu ce.

Sai kuma fetur ɗin ƙasar nan. Yawancin gidajen mai kashi 10 cikin 100 na abin da suke sayarwa sinadarin etanol ne, shi kuwa yana jan danshi. Ka ajiye babur wata huɗu na ƙanƙara da mai a kofin kafireta, ranar da ka buɗe za ka tarar da ƙaramin jet ya toshe da wani ɗanko. Abin da ya toshe waɗannan biyun ke nan.

Wani abokin aikina da ya mayar da tsohon babur ɗinsa injakta ya zo nan ya yi ta lallashina, kuma wallahi hujjarsa mai ƙarfi ce. Na hau nasa da sanyin safiya, taɓawa ɗaya ya tashi, ba cok, ba jira. Har na fara cika kwandon saye a intanet. Da na zauna da biro ne lissafi ya canza.

Matsalar farko wuta ce. Janareton cajin XS650 mai gawayi ne, wato irin mai burushin kabon, kuma kowa ya san rauninsa, da ƙyar yake riƙe fitila in inji na tsaye yana aiki a hankali. Ka ɗora masa famfon mai da kwamfuta da sensar hayaƙi mai buƙatar ɗumama kanta, dole ka sauya shi dungurungum. Sannan ku dubi tankin nan, bai fi cinyata faɗi ba. Ina zan cusa famfo? In na sa shi a waje, sai tiyo mai jure matsi, da wani na mayar da ragowar mai. Sai a liƙa wa ƙarfen inji wani faifai mai haƙora don kwamfuta ta san inda fiston yake, a huda salansa a yi walda. Injin nan kuma fiston ɗinsa biyu tare suke hawa tare suke sauka, girgizarsa tana kwance noti, balle siraran wayoyi. Da na haɗa kuɗin, ya haura abin da na biya na sayi babur ɗin. In batir ya mutu a bayan dutse inda waya ba ta da sabis, injakta ta gama magana.

Na kuma yi kuskure ɗaya a tsakani, gara in faɗa muku don kada wani ya maimaita. Na sayi wasu kafiretoci masu arha a intanet, an ce irin Mikuni VM34 ne, masu zamiya, waɗanda wayar totur ke buɗe su kai tsaye. Da suka iso, lambobin da ke jikin jet ba su dace da girman ramin ba, ɗaya kuma tana yoyo. Kuɗin sun tafi. Amma sun sa na koma na ƙara nazarin na asalin, kuma a nan na ga abin da na raina. BS38 ba wayar totur ce ke ɗaga allurarta, wadda ke buɗe wa mai hanya, kai tsaye ba. Akwai wata fatar roba a samanta, jan iskar inji ne ke ɗaga ta. In iska ta yi sirara, allurar ba ta ɗagawa sosai, mai ya ragu da kansa. Ba ta kai injakta ba, ko kusa, amma a ƙasar duwatsu ta fi mai zamiya haƙuri. Sharaɗinta ɗaya, ba ta son a tsiraita mata baki da 'yan ƙananan matatan iska da ake sawa don ado, don haka zan ƙera mata akwatin iska a ƙarƙashin kujera, ko da zai rage wa babur ɗin kyau.

Saboda haka kafireta zan bari. Amma ba zan saita ta da launin filogi kaɗai ba, Allah ya saka wa kawu da alheri. Wannan na'urar da ke hannuna ma'aunin hayaƙi ce, irin sensar da injakta ke aiki da ita. Zan ɗaura ta na ɗan lokaci, in hau Loveland da jet kala uku a aljihu, in rubuta abin da ta nuna a ƙasa, a tsakiya, da can sama, in zaɓi wanda ba zai bar injin da ƙishin mai a nan cikin gari ba. Duk sanyi kuma zan tsiyaye kofin kafin in rufe babur ɗin.

Yanzu bari in matso da fitila. Zan cire murfin saman nan, sukurori huɗu ne, mu ɗaga robar a haske mu ga ko ta tsage. In ta tsage, sai mun jira sabuwa kafin a buga kik. Bismillah.