Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Kiwon Lafiya, daga Kwamitin Kula da Likitar Garinmu a Jahar Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Ministan Kiwon Lafiyar Al'umma, mai girma Gwamnan jahar Maraɗi, mai girma Perfen Madarunfa, wakilin mai martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, masu gari da limamai, likitoci da ungozomomi, iyayenmu mata da kuka bar daka da girki tun hantsi kuka zo, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, rediyo ya riga mu. Mutumin da ya baro ofishinsa a Yamai, ya sha doguwar hanya ta Dosso da Konni, ya sauka daga kwalta ya shigo ƙurarmu don ya ga marasa lafiya da idonsa, ya gama nuna ko shi wane ne. Sannu da hanya, Allah ya ƙara girma. Tun da kuma lokacinka kaɗan ne, kwamiti ya ce a faɗi buƙatarmu tun da fari, kada gajiya ta riske ka ba ka ji ta ba: motar ɗaukar marasa lafiya muke roƙo, guda ɗaya, wadda za ta riƙa kwana a ƙofar wannan likita.

Kafin ka ce mun cika gaggawa, bari ka ji su wane ne ke roƙon. Mu jikokin Katsinawan da suka baro birninsu a farkon ƙarni na 19 ne, suka kafa Maraɗi tare da Ɗan Kasawa a bakin Gulbi. A 1945 ruwa ya cinye tsohon gari, iyayenmu suka hau tudu suka sake gini. Gyaɗarmu ta cika buhunan da aka yi ta kaiwa Faransa shekara da shekaru, alhazanmu kuma suka mai da Maraɗi cibiyar kasuwancin ƙasa. Ba mu saba miƙa hannu ba. Idan ka ga mun miƙa, to abin ya kai maƙura.

Kowa a wurin nan yana tuna 2005, shekarar da ta biyo bayan haɗuwar fara da fari, tamowa ta shiga kusan kowane gida. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a nan jaharmu. A da, yaro mai tamowa sai an kwantar da shi makonni ana ba shi madara, uwa ta bar sauran 'ya'ya da gona. A nan aka ga cewa uwa za ta iya karɓar Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na maganin tamowa, ta koma gida ta ciyar da ɗanta da hannunta, ta dawo awo kowane mako, yaro kuma ya tashi. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar tamowa a gida. Mun san an gwada hakan a Malawi da Habasha ma, ba mu hana su nasu yabon ba, amma matan Maraɗi ne suka nuna abin yana yiwuwa ga dubun dubatar yara a damina guda.

Daga nan masu bincike suka gane hanyar garuruwanmu. Epicentre, cibiyar bincike ta MSF, ta zauna a Maraɗi. Tsakanin 2012 da 2013 aka bi yara kimanin 2,400 a likitocin karkarar Madarunfa, don a gano ko dole ne duk yaro mai tamowa ya sha amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da ba wata cuta tare da shi. Sakamakon ya nuna waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba kusan daidai suka warke daga tamowar. A 2013 Madarunfa da Gidan Runji suna cikin wuraren farko a ƙasar nan da aka fara raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassara wata-wata a damina.

Sai babban aikin, wanda ya fara a 2014: gwajin rigakafin zawon da ƙwayar cutar rota ke kawowa, wanda kamfanin Serum na Indiya ya haɗa, wanda ke jure zafi wata da watanni ba tare da firji ba. In dai zafi ake son gwadawa, ai an zo gidansa. Jarirai fiye da 3,500 aka ƙirga a sakamakon. Ana ɗiga wa jariri a baki sau uku, yana da mako 6, da 10, da 14. Ranka ya daɗe, a takarda abin da sauƙi. Amma ka dubi mace da ba ta taɓa shiga lakwal ba, ga jaririn da ko arba'in bai daɗe da yi ba a cinyarta, ana karanta mata takarda, ana gaya mata gaskiya cewa rabin yaran za su sami maganin, rabi kuma abin da ya yi kama da shi kawai, kuma ita da mai ɗigawar duk ba wanda ya san wanne ɗanta zai samu. Ta dubi mijinta, ta dubi liman, ta dangwala yatsa. Bayan haka ana zuwa gidanta a kai a kai, ana tambayar ko yaro ya yi zawo, in ya yi a ɗebi kashinsa a tafi da shi awo. Jita-jita ta yi yawo a kasuwa, masu gari da malamai suka tsaya suka kashe ta. A 2017 sakamako ya fito a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka: rigakafin ya rage zawo mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, yau yaran wasu ƙasashe suna sha.

Muna alfahari da wannan, kuma ba mu ga laifin masu binciken ba, sun yi mana alheri iyakar zamansu. Sai dai motar aiki ta aiki ce. Lokacin da ake bincike, yaro ya shiɗe da dare akwai wanda za a kira. Aiki ya ƙare, motoci suka koma inda suka fito, mu muka koma amalanke. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Duniya ta ci ladan, mu kuma kai muka sani, kai za mu kawo wa kuka.

A watan Agusta da Satumba, idan masassara ta shanye jinin yaro, majo, shugaban likitarmu, yana jawo fatar idonsa ya ga fari fat, ya san ba abin da zai iya sai ƙarin jini, ƙarin jini kuwa sai babbar likita. Ya rubuta takardar turawa. Uban ya fita cikin duhu neman ɗan kabu-kabu, uwa ta hau baya ta rungume yaron, wani ya bi su da fitilar salula har bakin ƙorama. Mai naƙudar da haihuwa ta gardame mata ba ta ma iya hawa babur, sai a shimfiɗa tabarma a amalanke, shanu su ja. Wasu suna isa. Matan da aka kai Danja neman maganin yoyon fitsari, da yawansu a irin wannan daren suka gamu da larurar. Muna jin labarin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, muna murna, amma mu yau ƙafa huɗu muke nema.

Kada a ce wa zai zuba mai. Mun zauna mun yanke: duk babban da ya zo ganin likita zai ƙara dala ashirin a asusun mota, kuma akwai matuƙi ɗan gari da ya ɗauki alkawari.

Sauran buƙatun muna faɗarsu a taƙaice. Kuɗin jinyar kyauta ta yara da masu ciki, wadda aka kafa tun 2006, a riƙa biyansu da wuri don kada kantar magani ta bushe. Duk binciken da aka yi da 'ya'yanmu, a dawo a faɗa mana sakamakonsa da Hausa, a dandali da gidan rediyo. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma a riƙa turo su karkara, su koyi aikin binciken nan, don gobe namu su riƙe shi. Waɗannan za su iya jiran zagayowar kasafi. Motar ce ba za ta iya ba, don damina ba ta jiran kowa.

Ranka ya daɗe, ga takardar roƙon a hannun shugabar mata, da sa hannun masu gari a ƙasa. Muna fatan ka sa ta a aljihunka, kada ta shiga jakar rakiya. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya, ya sa kafin ruwan farko mu ji ƙarar motar nan a ƙofar likita.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Kula da Likita, a madadin jama'ar gari da ƙauyukan kewaye.