Wrong Is Right: fim ɗin 1982 da ya ɗora bam a saman World Trade Center

Jaka biyu, kowace ɗauke da bam na nukiliya, an ɓoye su a saman ginin World Trade Center da ke birnin New York. An nuna wannan hoto a silima a 1982, shekara 19 kafin harin 11 ga Satumban 2001 da ya rusa ginin. Sunan fim ɗin Wrong Is Right, wato kuskure shi ne daidai. A Birtaniya kuwa an sake shi da sunan The Man with the Deadly Lens.

Richard Brooks ne ya rubuta shi, ya shirya, ya kuma ba da umarni. Tsohon ɗan jarida ne kafin ya shiga harkar fim, don haka ya san cikin ɗakin labarai. Ya ɗauko labarin daga littafin The Better Angels na Charles McCarry, wanda ya fito a 1979. Shi McCarry ya yi wa hukumar leƙen asiri ta CIA aiki, kuma littafinsa babu wasa a ciki. Brooks ne ya mayar da shi shaguɓe.

Ku duba lokacin da aka yi shi. An buɗe tashar CNN a watan Yunin 1980, labarai dare da rana ba tsayawa. A Tehran an yi garkuwa da Amurkawa 52 har kwana 444, tashoshi na ƙirga kwanakin kowane dare. Abin da Brooks ya hango ke nan: mai tayar da bam yana bukatar kyamara, mai kyamara kuma yana bukatar abin da zai hana mutane canja tasha.

Sean Connery ne ya fito a matsayin Patrick Hale, shahararren ɗan jaridar talbijin wanda sarakuna da 'yan ta'adda duk suke buɗe wa ƙofa. Ya je wata ƙasar Larabawa ta ƙirƙira mai arzikin man fetur, Hagreb, don hira da Sarki Awad. Akwai dillalin makamai, Unger, da yake riƙe da jakunkunan nan biyu. Akwai Rafeeq, shugaban 'yan ta'adda, da ake tsoron za su faɗa hannunsa. A Washington kuma Shugaba Lockwood na fuskantar zaɓe, abokin hamayyarsa Mallory na jiran ya yi tuntuɓe.

Daga nan abu ke bin abu. CIA ta kawar da sarkin da yardar shugaban ƙasa. Maganar ta fasu. Rafeeq ya tura 'yan ƙunar baƙin wake cikin Amurka, ya ce ko Lockwood ya sauka ko New York ta tashi. Farashin bama-baman ya hau, saboda masu nema sun yi yawa. Sai ga su an gano su a saman ginin nan a kan lokaci, jama'a suka yi tafi, aka samu hujjar mamaye Hagreb da rijiyoyinta na man fetur. Hale ya fahimci cewa hannun da ya gano bama-baman shi ne ya ajiye su.

Ku lura da inda kyamara take a kowane mataki. Rafeeq ba ya aika wasiƙa, Hale yake nema. Fadar shugaban ƙasa tana bin rikicin ta akwatin talbijin kamar kowa. Shugaban tashar kuma lissafinsa ɗaya ne, mutum nawa ke kallo. Wannan shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma nan ya fi ƙarfi: babu wanda ya tilasta wa Hale komai, kowa dai ya san ba zai ƙi labari mai zafi ba.

To me ya sa fim ɗin bai yi kasuwa ba? Na farko, salo. Shaguɓe yana son mai kallo ya san inda zai yi dariya. Brooks yakan nuna mutum ya tarwatse a kan titi da gaske, minti kaɗan kuma Janar Wombat, wanda Robert Conrad ya fito a matsayinsa, yana zuba surutun yaƙi kamar ɗan kama. Mai kallo ya rasa ko ya yi dariya ko ya riƙe baki. Leslie Nielsen da ya fito a Mallory ya ƙara rikita lamarin, don shekara biyu kacal kafin nan mutane sun sha dariyarsa a fim ɗin barkwanci mai suna Airplane! Na biyu, cunkoso. Mutum fiye da goma kowa da makircinsa, wanda ya ɗan leƙa waje ya dawo sai ya tarar zaren ya ɓace masa.

Sai kuma yadda aka siffanta Larabawa. Ron Moody ɗan Ingila ne ya yi sarkin, Henry Silva ɗan New York ya yi Rafeeq. Fim ɗin da ke yi wa talbijin ba'a kan sauƙaƙa duniya, shi ma ya taƙaita yanki guda zuwa hamada, rawani da bam. Wannan aibi ne na gaske.

Bayan 2001, da mamaye Iraƙi a 2003 bisa zargin makaman ƙare dangi da ba a samu ba, aka riƙa cewa fim ɗin ya yi duba. Har mataimakiyar shugaban ƙasa baƙar fata mace akwai a ciki, Rosalind Cash ce ta fito. Amma ba duba ba ne. Takunkumin mai na 1973, satar jiragen sama, da binciken majalisar dattawan Amurka na 1975 kan yunƙurin CIA na kashe shugabannin ƙasashen waje, duk suna cikin jaridu. Brooks haɗa su ya yi, ya ja zaren gaba kaɗan.

A fitowar ƙarshe, Hale yana cikin jirgin soja zai yi tsalle da lema tare da dakarun mamaya, don ya kawo yaƙin kai tsaye. Kafin ya sa hular kwano, Connery ya kai hannu ya cire gashin kanti da ke kansa, ya yar.