Wa Zai Tayar da Injin?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Lokacin rajistar JAMB ya sake zagayowa, ya kuma dawo mana da wata magana da duk shekara take tsaya mini a wuya. Yaro ya ce yana son karatun injuna ko na lantarki, ko ya ce foliteknik zai shiga, sai uba ya haɗe rai: "Duk kuɗin da na kashe maka, makaniki za ka zama?" Nan take a sauya masa kwas, a rubuta likitanci ko lauya. In maki bai kai ba, a cusa shi duk inda aka samu gurbi, muddin dai wata rana zai zauna a ofis fanka na kaɗawa a kansa. A Kano fa ake faɗin haka. A Kano!

Garin nan da aikin hannu ya yi suna. Mutanen da suka fara zama a gindin Dala tama suke haƙa suna narkar da ƙarfe. Kasuwar Kurmi da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kayan masaƙa da marina da majema da dukawa ne suka cika ta. Da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, tufafin da ake saƙawa a rina a nan ne suka fi ɗauke masa hankali, ganin har Tumbuktu da Tarabulus ake kai su. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa take ƙetare Sahara. Bayan haka aka yi zamanin Bompai da Sharaɗa da Challawa, lokacin da jiniyar kamfani take tashin unguwa da asuba, ma'aikata a kan kekuna har titi ya cika. Jikokin waɗannan mutane ne yau suke jin kunyar a ga baƙin mai a hannun ɗansu.

To, mu duba abin da rainin ya haifa mana. Shiga Kantin Kwari, ka ɗaga atamfa ko shadda ko leshi, ka duba inda aka yi ta. Zarce Farm Centre ka dubi wayoyi. Tsaya bakin titi ka ƙirga adaidaita sahu, waɗanda galibinsu daga Indiya ake kawo su. Fatar da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, mafi kyawunta Italiya da Sifaniya take tafiya, can a mai da ita takalmi da jaka, ribar ta zauna can. Mun ƙware a sauke kwantena, wannan ba mai ƙwace mana. Kirarin garin ya ce ko da me ka zo an fi ka, amma yanzu duk wanda ya zo mana da kaya karɓa muke yi mu kasa a shago, mu ci ɗan abin da ya ɗoru a kai. Ba ina kushe kasuwanci ba ne, shi ya riƙe Kano. Sai dai ɗan kasuwar da bai san yadda ake yin abin da yake sayarwa ba, duk ranar da mai kayan ya zo da kansa ya kama shago a gefensa, ba shi da abin cewa. 'Yan Kwari sun ga haka da idonsu lokacin da 'yan Chaina suka fara buɗe ɗakunan ajiya a cikin gari.

Na san amsar da ake ba ni. Wai masana'antun sun mutu, babu wuta, me za a tura yaro ya je ya yi? Maganar wuta gaskiya ce. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar naira, da fasa-ƙwaurin yadi, da tsadar man gas, masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda suka durƙushe, dubban magidanta suka koma gida. Bututun iskar gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, an daɗe ana yi mana alƙawarinsa. Amma wanda ya ce saboda haka babu aiki, ya daɗe bai bi ta Sharaɗa ko titin Haɗeja ba. Kamfanonin shinkafa suna aiki, na roba da leda suna aiki, na man gyaɗa da waken suya, na taliya, na katifa, na lemo, duk injuna ne ke juyawa a cikinsu. Tambayata ɗaya ce: ranar da injin ya tsaya, wa ake kira?

Ku tambayi masu kamfanin. Wani sai ya jira mai gyara ya taso daga Legas, wani kuma sai an sayo wa Ba'indiye ko ɗan Chaina tikitin jirgi, a kama masa masauki, injin yana kwance ma'aikata suna zaune a inuwa. Ƙaramin ƙarfe ya karye, maimakon a fiƙe wani a nan, sai an aika ƙasar waje an jira makonni. A daidai wannan lokaci, yaronmu yana yawo ofis-ofis da kwali a cikin ambulan, takalmi ya suɗe, ana ce masa ya dawo wata mai zuwa. Ko a ginin gida haka abin yake: mai son tayil ya daidaita ko silin ya fita tsaf, sau da yawa 'yan Kwatano da Togo yake nema. Aliko Ɗangote ɗan Kano ne. Ya gina matatar mai a Legas mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, an buɗe ta a 2023, kuma sai da aka kawo ƙwararrun ma'aikata da yawa daga Indiya. Yara nawa garinsu ya tanadar masa waɗanda suka iya waldar bututun mai, ko suka san na'urorin auna zafi da matsin iska? Kuɗi namu, kamfani namu, to wa zai tayar da injin?

Kuma rashin wutar da ake kafa hujja da shi, shi kansa aiki ne. Ɗaga kai ka dubi rufin gidaje da shaguna da masallatai, sola ce ko'ina. Wa ke lissafa yawan farantai da batir ɗin da gida ke buƙata? Wa ke gyara inbata in ta ƙone? Yanzu mafi yawa a kan aikin suke koya, wani ya yi daidai, wani ya ƙona wa mutane kayan miliyoyi. Yaron da ya haɗa karatun lantarki da hannu mai kyau ba zai nemi aiki ba, a gida za a riƙa yi masa sallama.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mun taɓa gane hanyar. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, saboda an lura jihar ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Aka zaɓi yara da jarrabawa, aka ba su malamai da kayan aiki, kuma duk Kano ta ga amfanin abin. Yau muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda ta fara a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Ɗangote. Ga tsangayar injiniya a Jami'ar Bayero, ga foliteknik ta jiha, ga kwalejin horar da malaman fasaha ta Bichi, ga makarantun fasaha na sakandare. Gine-gine ba su yi mana ƙaranci ba. Amma a wace fuska ake tura yaro makarantar fasaha? A matsayin wanda ya kasa. Mai ƙoƙari a ce ya tafi kimiyya don ya zama likita, wanda aka yanke wa ƙauna a ce "a kai shi ya koyi sana'a." Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu aka gaya masa cewa aikin da zai yi na waɗanda ba su da kai ne. Sannan mu dawo muna mamaki don me ba mu da masu gyaran injin!

Ku kuma ɗalibai, da ku nake. Kada wani ya ruɗe ku cewa makarantar fasaha rufaffiyar hanya ce. Bayan aji uku na ƙaramar sakandare kana iya shiga, ka rubuta NABTEB, jarrabawar kammala makarantun fasaha, kuma da sakamakonta ana neman foliteknik ko jami'a. A foliteknik shekara biyu ce ƙaramar difloma, shekara ɗaya a wurin aiki, sannan shekara biyu babbar difloma. Wannan shekara ɗayan da wasu ke ɓatarwa a gida ita ce gwal ɗin karatun. Haka watannin SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF da aka kafa a 1971 yake kula da shi. An shirya shi ne don ka shiga kamfani ka taɓa inji, amma mun mai da shi neman wani kawu a sakatariya ya buga maka hatimi a littafi. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, domin ranar gwaji a kamfani ba littafin za a duba ba, sukundireba za a miƙa masa. Kuma injin zamani da kwamfuta ake sarrafa shi, saboda haka mai son rubuta manhaja da mai son ƙarfe a ɗaki ɗaya za su haɗu. Jelani Aliyu daga Sakkwato, foliteknik ta Birnin Kebbi ya fara yi kafin ya tafi Amurka, ya kuma zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. 'Yan mata ma da ku nake: zanen kayan inji a kwamfuta, awon ingancin abinci a ɗakin gwaji, haɗa allon lantarki, babu ɗaya da ke buƙatar ƙarfin damtse.

Wuri ɗaya ne iyaye ke ɗaure ni. In uba ya ce mini yana tsoron a riƙa fifita mai digiri a kan ɗansa mai babbar difloma wajen albashi da ƙarin girma, ba ni da bakin ƙaryata shi. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ba. Gwamnatin da ke kiran matasa su rungumi fasaha ita ce kan gaba wajen raina takardar fasaha. Sai dai wannan ciwo na mai jiran aikin gwamnati ne. Mai kamfanin da injinsa ya kwana uku a tsaye ba ya tambayar kalar kwalinka.

Masu kamfanoni, ku ma ba ku fita ba. Kullum kuna kukan babu ƙwararru, amma ɗalibi ya zo neman wurin koyon aiki, a bakin ƙofa maigadi yake sallamarsa. In ma an ɗauke shi, aikensa ake yi sayen abinci. Kuɗin tikitin baƙo guda zai horar da yara nawa? Ku ɗauke su, ku haɗa kowane da ogan da zai koya masa, ku sa a sharaɗin duk baƙon da kuka kawo cewa ba zai tafi ba sai ya bar wanda ya iya. Shugabannin makarantu kuma, kuna kai yara yawon buɗe ido gidan zu da Gidan Makama, madalla. A wannan zangon ku ɗauki mota guda ku kai 'yan aji uku Sharaɗa, su tsaya su ga yadda shanshera ke shiga inji ta fito farar shinkafa a buhu, su ga allon da ake dannawa, su yi wa mai danna shi tambayoyi. Ku gayyaci iyayensu su ma su shiga motar, musamman uban da ya fi kowa ɗaga murya.

Wassalamu alaikum.