Jarumi da Jaruma Ba Sa Ga Maciji, Sai Ga Katin Ɗaurin Aure

Assalamu alaikum masu kallo. Yau daga birnin Katsina muke, kuma zancenmu a kan wani irin littafin soyayya ne mai ban dariya, wanda ake ta turawa juna a WhatsApp, ana kuma karanta shi a YouTube. Taurarin fim biyu, namiji da mace, ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su, a ƙarshe sai ga shi an shafa fatiha. Tun shafin farko mai karatu ya san inda za a kwana. To me ke hana shi ajiye wayar?

Da farko dai, dole faɗan ya zama yana da tushe. Marubucin da ya san aikinsa ba zai tsaya a kan cewa jininsu ne bai haɗu ba, domin a harkar fim akwai abin faɗa na gaske. Fuskar wa za ta fi girma a fosta? Sunan wa za a fara rubutawa? Wa furodusa zai fi ba kuɗi? Tun da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano a 1990, fuska ce ke sayar da kaya. A zamanin kaset ɗan kasuwa sai ya duba wanda ke jikin fosta kafin ya sara. Yanzu an koma fim mai dogon zango a YouTube da Arewa24, magoya baya kuma sun kwashi rigimar sun kai ta TikTok.

Sai darakta ya haɗa su a fim ɗaya, a matsayin saurayi da budurwa. Ku ɗauka ana aiki a gindin hasumiyar Gobarau, rana ta take, yaran unguwa sun yi da'ira suna leƙe. Aka ce a ɗauka. Ya dube ta ya ce, "Ke ce hasken idona." Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi tana murmushi. Ana cewa a tsaya sai ta ɗaure fuska.

"Malam, sau bakwai ke nan kana ɓata layi ɗaya. Ko in aro maka tabarau?"

"Hajiya, da kin zo kan lokaci da tuni mun tashi."

Dariyar littafin daga nan take fitowa. A gaban kyamara soyayyar wasa ce, faɗan bayan kyamara shi ne na gaske. A hankali sai abin ya juye: kalaman da darakta ya ba shi su fara fitowa daga zuciya, baƙar maganar kuma ta koma mafaka. Mai karatu ya gane, mai kwalliya ta gane, har yaron da ke riƙe fitila ya gane, su biyun ne kaɗai ke musu.

Ni a ganina babu harshen da wannan labari ya dace da shi kamar Hausa. A fim ɗinmu saurayi ba ya riƙe hannun budurwa, al'ada ba ta yarda ba, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 ita ma ba ta bari. Saboda haka nauyin duka ya koma kan harshe: habaici, gatse, zambo, gugar zana. Kuma mun riga mun san tsokanar da ke ɓoye ƙauna. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, su wuni suna zolayar juna, sau da yawa kuma su ake haɗawa aure. Bakatsine ya ga Bahaɗeje sai ya taɓa shi, Bakano da Bazazzagi haka, Bafillace da Babarbare haka. Mu Katsinawa ana yi mana kirari da cewa kunya gare mu ba tsoro ba. Jaruma Bakatsiniya ba za ta buɗe baki ta ce tana son sa ba. Za ta ce masa hularsa ta karkace, shi kuma ya kwana yana tunanin yaushe ta fara lura da hularsa.

Juyin ba ya buƙatar hatsari ko asibiti. Mota ta mutu a hanyar Daura, kowa ya watse neman inuwa, ya ji ta a waya tana lallashin mahaifiyarta a kan kuɗin makarantar ƙannenta. Shi ke nan, ya daina yi mata kallon mai girman kai.

Akwai wurin da yawancin marubutan nan ke tsallakewa, kuma abin yana damuna. A Kannywood mace in ta yi aure galibi ta bar fitowa a fim, namiji kuwa ya ci gaba da aikinsa. Wato matar da ta yi shekaru tana gogayya da shi a kan fosta, ranar da ta amsa masa ta bar masa fostar gaba ɗaya. Wasu sukan koma bayan kyamara su zama furodusa, wasu su kama kasuwanci, wasu su yi ta kewar aikin a zuci. Wannan ba abin da za a rufe da kiɗan kamu ba ne. Babin da nake jira shi ne wanda za su zauna a zauren gidansu da daddare, ƙanenta na zaune a bakin ƙofa, ta ɗago kai ta ce, "Malam, in na bar fim saboda kai, kai me za ka bari?" Shi kuma wanda bai taɓa rasa amsar da zai mayar mata ba, ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya yi shiru.