Dutsen da Ke Raba Muƙamai a Tsohuwar Atina

Jama'a, assalamu alaikum. Da zarar kakar zaɓe ta kama, sai maganar nan ta dawo a Facebook da TikTok: wai Girkawa ne suka koya wa duniya dimokuraɗiyya, su ne suka fara fita suna zaɓen shugabanninsu. Rabin farko akwai gaskiya a ciki. Rabi na biyu kuwa nan gizo ke saƙa, kuma a kansa za mu tsaya yau.

[Taswirar Girka, a matso kan birnin Atina]

Bari mu yi sauri a nan. Wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani ɗan babban gida mai suna Klistenis ya sake wa Atina fasali, ya kasa mutanenta ƙabilu 10. Tudun nan da kuke gani, Piniks, nan 'yan ƙasa ke haɗuwa kamar sau 40 a shekara. A yi muhawara, a ɗaga hannu, a zartar da yaƙi ko sulhu. Babu wakili, kowa da bakinsa yake zuwa. Amma fa maza 'yan ƙasa kaɗai, wajen 30,000. Mata ba sa ciki, bayi ba sa ciki, baƙi mazauna gari ba sa ciki, alhali su ne mafi yawan jama'ar. Wannan tabo ne babba, kada mu rufe shi.

To, su wa ke riƙe da muƙamai? Ku dubi dutsen nan da kyau.

[Dutsen kleroteriyon a gidan tarihi na Agora]

Wannan guntun da ya rage ke nan, yana ajiye a gidan tarihi na tsohuwar kasuwar Atina. Sunansa kleroteriyon. Kun ga 'yan tsagogin nan a jere, layi-layi? Mutum yana da ɗan siririn katin tagulla da aka zana sunansa a kai. Ranar zaman kotu, da sassafe, masu son yin alƙalanci su zo, a cusa katunansu cikin tsagogin. A gefen dutsen akwai bututu mai buɗaɗɗen baki daga sama. Sai a cakuɗa 'yan ƙwallaye farare da baƙaƙe a zuba a ciki, a riƙa sako su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙwallon farko na layin farko ne. In fari ya fito, duk masu katin da ke kan layin nan sun zama alƙalan yau. In baƙi ne, su kama hanyar gida, sai wani jiƙon. Na biyu na layi na biyu, haka har ƙasa.

Ba kamfe, ba fosta, ba maroƙi. Wanda rabonsa ya tsaga, shi ke nan.

Kuma ba kotu kaɗai ba. Majalisar mutum 500 da ke tsara abin da babban taro zai tattauna, 50 daga kowace ƙabila, ta ƙuri'ar sa'a ake fitar da ita. Masu duba awo da ma'auni a kasuwa, haka. Mutum 6,000 da ake tanada kowace shekara don alƙalanci, haka. Hatta wanda zai shugabanci majalisa, a kullum ake fitar da sabo: wuni ɗaya da kwana ɗaya yana riƙe da hatimin gari da makullan baitulmali, wa'adin na cika ya miƙa, kuma ba zai ƙara ba har ya mutu. Manomin zaitun, maginin tukwane, duk suna iya kwana da makullan nan.

Me ya kai su? Sun zauna sun kalli wanda ke cin zaɓe: mai dukiya, ɗan gidan da aka sani, mai zaƙin baki. Masanin falsafa Aristotal ya rubuta ƙarara cewa ana ɗaukar naɗi ta ƙuri'ar sa'a a matsayin mulkin talakawa, zaɓe kuwa mulkin 'yan tsiraru. Wato abin da muke kira dimokuraɗiyya yau, mutumin Atina zai kalle shi da wani ido daban. Sannan ga maganin cin hanci. Alƙalai 201 ne, ko 501, ba a san su ba sai safiyar shari'a, kotun da za su zauna ma sai an sake ƙuri'a. Gidan wa za ka kai ambulan da daddare?

Na san tambayar da ke bakinku: in sa'a ta faɗa kan sakarai fa? Sun yi tunanin wannan. Sai ka kai shekara 30. Kafin ka hau a tsayar da kai a gaban jama'a: wane ne ubanka, ina kaburburan gidanku, kana kyautata wa iyayenka, ka biya haraji, ka je fagen fama? Wannan tambaya ta iyaye tana burge ni ƙwarai. Yawancin muƙamai mutum 10 ake ba wa tare, shekara ɗaya tak, kana sauka kuma a baje lissafinka a fili. Inda ake buƙatar gwaninta kuwa ba su bar wa sa'a ba. Janar-janar 10 zaɓensu ake yi, shi ya sa Periklis, shahararren jagoran Atina, ya yi shekara 15 a jere ana dawo da shi.

[Mutum-mutumin Sokiratis]

Ba kowa ya yarda ba. Sokiratis, masanin falsafa ɗan Atina, ya ce ai ba wanda zai yarda a fitar masa da matuƙin jirgin ruwa ko magini ta ƙuri'ar sa'a, balle mai riƙon gari. Kuma kotun mutum wajen 500 da aka fitar ta wannan hanya ita ta yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sha guba. Ni a ganina ƙuri'ar sa'a ta toshe ƙofar kuɗi da ta gado, amma ba ta iya toshe ƙofar fushin taro ba.

A shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Makidoniyawa, mutanen wata masarauta a arewacin Girka, suka rushe tsarin. Dabarar dai ba ta mutu ba. Har gobe a Ingila da Amurka, masu taya alƙali yanke hukunci ta sa'a ake zaƙulo su daga cikin jama'ar gari. A 2016 ƙasar Ayaland ta tara talakawa 99 da aka zaƙulo ta sa'a, suka ba da shawara kan gyaran tsarin mulki. A 2019 Faransa ta fitar da mutum 150 ta ƙuri'ar sa'a, ta ɗora musu aikin kawo shawarwari kan sauyin yanayi.