Baƙin rami ba ya haske, to hasken nan na wane ne?

[Hoto: bidiyon da ke yawo a WhatsApp]

Assalamu alaikum jama'a. Bidiyon nan ya zaga ko'ina, har teburin mai shayi ana gardamarsa: wai ga baƙin rami (wuri a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta) yana walƙiya, yana haɗiye taurari kaf. Zanen kwamfuta ne, bayanin da aka ɗora masa kuma akwai gyara.

Galaksi dandazon taurari ne, biliyoyi, haɗe da iskar gas da ƙura. Kusan kowane babba yana da ƙaton baƙin rami a cibiyarsa. Na galaksinmu ya kai nauyin rana sau miliyan 4, amma a kwance yake don abincinsa kaɗan ne. Ramin kansa ba ya fitar da haske. Gas ɗin da ke gangarawa cikinsa ne ke kewaya shi yana gogar juna har ya yi jawur, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ya koma haske. Wutar cikin rana ko kashi 1 ba ta kaiwa. Irin wannan cibiya ce masana ke kira AGN.

[Hoto: Arp 220]

To ga inda ake ruɗewa, ku ba ni hankalinku. A 1983 tauraron ɗan'adam IRAS ya gano galaksin da haskensu ya ninka na rana sau tiriliyan, amma kusan duka a ɓoye yake cikin ƙura. Wannan da kuke gani, Arp 220, ɗaya ne daga cikinsu, nisansa kamar shekara miliyan 250 na tafiyar haske. Ƙurar tana shanye hasken, ta ɗumama, ta mayar da shi hasken infirared wanda ido ba ya gani. Abu biyu ne kuwa ke iya ɗumama ta: baƙin rami mai cin gas, ko jariran taurari masu ɗimbin yawa.

[Hoto: daren hunturu, hanyar Ringim]

Da dare a cikin hazo, ka hango ja-ja a saman wani ƙauye. Gobara ce guda ɗaya babba, ko murhu ɗari ne aka hura gida-gida? Daga nesa duk ja ne. Wannan tambayar ce masana ke fama da ita.

Amsar tana cikin zafin ƙurar. Wadda ke dab da cibiya tana kai digiri ɗaruruwa, ta can ciki har wajen 1,200, inda daga nan sai ta ƙone. Haskenta yana fitowa tsakanin maikiron 5 zuwa 30. Haske kamar igiyar ruwa yake tafiya, da maikiron ake auna tsawon igiyar. Maikiron ɗaya, milimita ce aka raba gida dubu. Ita kuwa ƙurar da ke lulluɓe da jariran taurari a warwatse take ko'ina, kuma da sanyi ƙalau, kamar digiri 230 ƙasa da sifili, ƙarfin haskenta yana wajen maikiron 100. Sai a auna hasken galaksi ɗaya a maikiron daban-daban, a zana layin, a cire rabon cibiya. Abin da ya rage shi ake lissafin haihuwar taurari da shi.

Nan ake yin ɓarna. Wanda ya auna a maikiron 24 kaɗai, ya ɗauka duka na taurari ne, lissafinsa zai kumbura. A ganina duk adadin da bai faɗi yadda aka cire rabon cibiya ba, a riƙe shi da hannu bibbiyu tukuna.

[Hoto: farantan ALMA a hamadar Atakama]

Akwai kuma nisa. Sararin samaniya yana faɗaɗa, yana miƙar da haske a hanya. Hasken da ya taso shekara biliyan 10 da suka wuce a maikiron 100, a wajen 300 zai iso mana. Shi ya sa aka kafa ALMA, farantai 66 masu kama irin wannan haske, a ƙasar Chile, a tudu mai tsawon mita 5,000, inda iska ta bushe, don tururin ruwa yana shanye irin wannan haske. A irin wannan haske sanyayyar ƙura ce ta fi fitowa. Galaksinmu yana haifar abin da bai wuce nauyin rana ɗaya ko biyu ba a shekara. Waɗancan na wancan zamani, ɗaruruwa, wasu har fiye da dubu. Ikon Allah!

[Hoto: Chandra, sai James Webb]

Shaida ta biyu hasken eksire ne, irin na hoton asibiti, wanda tauraron ɗan'adam Chandra ke kamawa tun 1999. Idan ya yi ƙarfi a cibiya, rami na ci. Amma gas mai kauri sosai yana tare shi, don haka rashin ganinsa bai wanke galaksi ba. Sai a koma ga madubin hangen nesa James Webb, da aka harba a Disamba 2021, ya leƙa zazzafar ƙurar.

Sau da yawa duka biyun ake tararwa a galaksi ɗaya, tunda gas ɗin da ke ciyar da rami shi ne ke zama taurari. Ramin ba ya haɗiye galaksi, nauyinsa ko kashi 1 cikin 100 na galaksin bai cika kaiwa ba. Abin da cibiyar ke yi shi ne korar gas waje: a galaksin Markarian 231 an auna iskar tana fita da gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya, tana kwashe gas ɗin da za a yi sababbin taurari da shi.