Ƙwayoyin kitse da yadda jiki ke ƙona abinci: laccar da aka gabatar a Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayena maza da mata, malamai da ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci. Yau zan yi magana ne a kan kitsen jikin ɗan Adam, da dalilin da ya sa mai ƙiba yake shan wuya kafin ya rage ta, in ya rage kuma sau da yawa sai ta dawo.

Yawancinmu mun ɗauki kitse tamkar rumbu, inda jiki yake zuba rarar abinci ya rufe sai ranar buƙata. Da gaskiya a ciki, domin giram ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake bayarwa), alhali giram na sitaci bai wuce kalori 4 ba. Sai dai kitse yana yin abin da rumbu ba ya yi, wato yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. A shekarar 1949 aka ga wasu ɓeraye a ɗakin binciken Jackson da ke Amurka, waɗanda ba sa ƙoshi, suna ci har su ninka 'yan uwansu nauyi. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano abin da suka rasa: wani sinadari ne mai suna leftin, wanda ƙwayoyin kitse suke sakewa cikin jini domin su sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka samu yara biyu da aka haifa ba su da shi, kuma daga baya allurar leftin ta kawar wa irin waɗannan yara yunwar da ke addabarsu.

An yi zaton an samu maganin ƙiba, amma ba haka abin ya kasance ba. Mafi yawan masu ƙiba leftin ya yi musu yawa ne ma, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraronsa yadda ya kamata. Inda saƙon yake da ƙarfi shi ne idan kitse ya fara raguwa. A nan leftin yakan yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an shiga fari, sai ta ƙara wa mutum yunwa, ta kuma rage yawan abin da jiki yake ƙonawa. Ku tuna cewa kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuzarin da muke kashewa a yini yana tafiya ne wajen numfashi, bugun zuciya, aikin hanta da ƙwaƙwalwa, ko da mutum yana kwance. Rudolph Leibel da abokan aikinsa sun nuna a 1995 cewa wanda ya zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa yana ƙona kalori ƙasa da abin da ake tsammani ga mai irin girman jikinsa. Saboda haka ban yarda da gorin da ake yi wa mai ƙiba cewa ragwanci ne kawai da kwaɗayi ba. Jikinsa yana ja da shi.

Akwai kuma batun yawan ƙwayoyin. A 2008 Kirsty Spalding ta Cibiyar Karolinska a Suwidin ta bayyana cewa adadin ƙwayoyin kitse yana hauhawa ne a ƙuruciya da lokacin balaga, sannan ya tsaya kusan wuri ɗaya a girma, duk da cewa kimanin kashi 10 cikin ɗari suna sabuntuwa kowace shekara. Idan babba ya rame, ƙwayoyin suna motsewa ne, ba sa ɓacewa. Wannan ya kamata ya sa iyaye mata su sake tunani game da lemon kwalba, biskit da alewar da ake cika wa yara jakar makaranta, ana murna yaro ya yi ɓulɓul.

Wurin da kitsen ya zauna ma yana da muhimmanci. Na cinya da ɗuwawu bai kai na ciki haɗari ba, domin wanda ya lulluɓe hanji yana zuba abin da yake fitarwa kai tsaye cikin jijiyar da ke kai jini hanta. Ƙwayar da ta cika ta kumbura takan jawo kumburi a naman da ke kewaye da ita, jiki ya daina amsa wa insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, daga nan ciwon suga da hawan jini su samu ƙofa. Teɓar da ake yi wa kirari da alamar hutu, asalinta ke nan.

Duk wannan farin kitse ne. Akwai wani mai launin ƙasa-ƙasa, wanda yake cike da mitokondiriya, wato ƙananan sassan cikin ƙwaya da ke mayar da abinci kuzari, kuma aikinsa shi ne ƙona abinci ya mai da shi zafi ta hanyar wani furotin da ake kira UCP1. Jarirai suna da shi a tsakanin kafaɗu, kuma da shi suke ɗumama jikinsu, tun da ba su iya rawar ɗari kamar manya ba. A 2009 aka tabbatar da cewa manya ma suna da ragowarsa a wuya da saman ƙashin ƙirji, kuma sanyi yana tayar da shi. Kada dai wani ya ce zai kwana a tsakar gida cikin hunturun Kaduna don ya narkar da tumbi, domin ɗan abin da babba yake da shi bai kai ya yi wannan aikin ba. An taɓa gwada tilasta wa jiki ƙona abinci da wani magani mai suna DNP, ya makantar da wasu, ya kashe wasu da zafin jiki, har Amurka ta hana shi a 1938.

Mu a nan har da akasin haka muke fama, wato 'yan mata masu shan magungunan ƙiba irin su deksametason. Wannan magani yana tara kitse ne a ciki, fuska da bayan wuya, yana cinye tsoka, yana kuma hawar da suga. Wanda yake son sanin matsayinsa ya ɗauki tef ɗin tela ya auna ƙugunsa daidai cibiya. Idan ya wuce rabin tsawonsa, ya je a duba masa suga da jini. Yanzu zan saurari tambayoyinku.